Yadda ake tausar saukar da kumburi a gida, da abin da ake yi kafin a taɓa ƙafar

Sallama ƴan uwa. Kwanakin nan duk inda na leƙa a TikTok da Facebook sai in ga wata tana goga ɗan katako ko buroshi a wuya da cinya wai tana wanke limfa, a ƙasa an rubuta cikin sati ɗaya tumbi zai zube, fuska ta yi sumul, dattin jiki duk ya fita. Har ƙanwata da ke aure a Sabon Gari ta turo min ɗaya ta ce Yaya ke da kika yi jinyar Goggo, wannan gaskiya ne? Na ce mata rabi gaskiya rabi talla. Tausar akwai ta, masu kine, wato ma'aikatan lafiya masu gyaran gaɓoɓi da tausa da motsa jiki, a lakol suke koyonta, wani mutumin Danmak mai suna Emil Vodder da matarsa Estrid suka tsara ta, suka nuna wa mutane a Paris a 1936. Amma ba don rage tumbi take aiki ba, kuma yadda masu bidiyo ke murzar jiki da ƙarfi ɗin nan ba haka ake yi ba sam.

Ni dole ce ta koya min. Ƙafar Goggona ta hagu ta fara kumbura kamar wasa, da yamma ta tashi da safe ta saɓe, daga baya ta daina saɓewa. Kafin mu gane kan abin an yi mata ƙaho har sau 2, an gasa da ruwan zafi da ganye, an sha jiƙo kala-kala, wasu ma cewa suka yi ta taka wani abu ne. Duk sanda aka tsaga fatar, kwana kaɗan sai zazzaɓi ya kayar da ita, in ta tashi ƙafar ta fi da girma. Sai da muka je likita wata mai kine ta zaunar da ni ta ce in gwada mata yadda nake tausar, ina fara dannawa ta riƙe hannuna tana dariya ta ce baiwar Allah ba kwaɓin fanke kike ba.

Toh bari in fara da mene ne limfar, don in ba a gane wannan ba sauran duk zai zama haddar da ba fassara. Kowa ya san kaluluwa, ka ji ciwo a yatsar ƙafa ta fito maka a matse-matsi, haƙori ya yi ciwo ta fito a ƙarƙashin haɓa. To kaluluwar nan dama tana nan, ciwo ne yake sa ta kumbura har ka ji ta. Mutum yana da su wajen 600, sun fi taruwa a wuya da hammata da matse-matsi da cikin ciki. Jini in yana zagaya jiki wani ruwa-ruwa yana tsatsowa daga ƙananan jijiyoyi ya jiƙa nama, to akwai wasu siraran hanyoyi daban da na jini da suke kwashe wannan ruwan, su bi da shi ta cikin kaluluwa a tace ƙwayoyin cuta, sannan su mayar da shi cikin jini a gindin wuya, daidai ramin nan da ke saman ƙashin da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa. Ruwan shi ne limfa, kuma a rana wajen lita 2 zuwa 4 ke komawa ta nan. Jini yana da zuciya mai harba shi, limfa kuwa ba ta da babban famfo irin wannan. Hanyoyin suna ɗan matsewa da kansu a hankali, sauran aikin motsin nama ne da numfashi, kuma a cikinsu akwai ƴan ƙofofi irin bawul ɗin tayar keke, abin da ya wuce gaba ba ya dawowa. Shi ya sa wanda ya yini zaune a shago a Kasuwar Dole ta nan Damagaram bai motsa ba da yamma yake ganin silifa ta kwanta masa a ƙafa.

Mai lafiya da yake tafiya, yake aikinsa, yake shan ruwa, limfarsa ba ta bukatar wani wanki. Wanda tausar nan take yi wa amfani sosai shi ne wanda hanyoyin suka lalace ruwa ya taru. A wajenmu abin da ya fi kawo haka tundurmi ne, wasu siraran tsutsotsi da sauro ke sa wa mutum su zauna cikin hanyoyin limfa shekara 6 zuwa 8 suna ɓata su, sau da yawa tun yarinta aka ɗauka sai an girma ya bayyana, a maza kuma su ne ke kawo gwaiwa. Sai matan da aka yi wa aikin kansar nono aka cire kaluluwar hammata ko aka gasa wurin da na'ura, kusan 1 cikin 5 hannu yana kumbura musu, wani lokaci bayan watanni wani lokaci bayan shekaru. Sai yawan ciwon fata da ke dawowa, da ƙiba mai yawa.

Mataki na farko ba tausa ba ce, ku tabbatar wane irin kumburi ne. Dan Allah kar a tsallake wannan, don akwai kumburin da tausa za ta iya kai mutum kabari. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura farat ɗaya cikin kwana 1 ko 2, sharaɓa tana ciwo tana da ɗumi, musamman mai jego ko wanda ya daɗe kwance ko ya sauka daga doguwar tafiya, yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, in aka murza ya ɓalle ya tafi huhu, wannan likita za a nufa a ranar. In ƙafafu biyu ne tare da haki, mutum ba ya iya kwanciya sai ya jingina, a duba zuciya. In fuska ce ke kumbura da safe fitsari ya ragu ko yana kumfa, a duba ƙoda. In ciki ya cika da ruwa ido ya yi rawaya, hanta. Mai ciki da fuska da hannu suka kumbura ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, a auna mata tansiyo yanzu-yanzu, kar a jira gobe. Yaro ƙarami da ƙafafunsa biyu suka kumbura, in an danna rami ya zauna, tamowa ce mai kumburi, a kai shi CSI, wato ƙaramar likita ta unguwa, su tura shi inda ake kwantar da masu tamowa, kar a ce ai ƙiba ya yi. Haka kaluluwar da ta yi sati 3 ko 4 ba ta sauka ba, ga tauri ba ciwo, ko mutum yana rama yana zufar dare, ba a tausa ta, lokotoro ake nuna wa, don tarin huka yana fitowa a wuya haka, kansa ma haka.

Kumburin limfa shi a hankali yake zuwa, yawanci gefe ɗaya ya fi, ƙafar ta yi nauyi, da farko in ka danna rami ya zauna, in ya daɗe fatar ta yi kauri ta daina lotsawa. Akwai ɗan gwajin da aka nuna min, ki kama fatar saman yatsar da ke bin babbar yatsa, a gindinta, ki ɗaga kamar za ki mintsina. In ta ɗagu to da sauƙi, in ta ƙi kamuwa don kauri alama ce ta limfa. Duk da haka lokotoro ne zai yanke, ku je a duba, ku kuma roƙi a haɗa ku da mai kine ko sau 2 ne ya ga hannunku, don nauyin hannu ba a koyonsa a rubutu.

Mataki na biyu wanki, kuma wallahi in abu ɗaya kawai za ku iya yi cikin duk rubutun nan to wannan ne. Ƙafar da limfarta ta lalace ba ta da masu gadi, ɗan faso a dunduniya ko cin-ruwa a tsakanin yatsu ya isa ƙofar da cuta za ta shiga, kuma kowane zazzaɓin ƙafa yana ƙara kashe hanyoyin da suka rage. Ana wankewa sau 2 a rana, mu bayan asuba muke yi da kuma bayan isha'i don kar a manta, in ya gagara to ko na dare kar ya wuce. Na san halin ruwa a garin nan, wani lokaci famfo ya yi kwanaki ko ɗigo babu sai bido daga ƴan ga-ruwa, amma buta 2 ta isa. Ruwa mai tsabta ba mai zafi ba, sabulu na wanka mara ƙarfin turare, ƙyalle mai laushi. Ki zaunar da mai ciwon a kujera ƙafar cikin roba, ki fara wanke hannunki, sannan ki sa sabulu daga gwiwa ki gangaro ƙasa. Banda soso mai kaushi, banda dutsen goge kaushi. Tsakanin yatsu da cikin ninkin fata ki yanko ɗan siririn ƙyallen atamfa da ta tsufa ta yi laushi, ki zura ki ja gaba da baya a hankali. Ki ɗauraye, in ruwan bai fita fes ba ki maimaita. Ɗayar ƙafar mai lafiya ita ma a wanke ta haka.

Busarwa ita ce inda aka fi yin sakaci. A dinga daddanna tawul a hankali a kan fatar, kar a goga, tsakanin yatsu kuma sai ya bushe ƙayau, in ninkin yana da zurfi a sa mafici. Mu da muke alwala sau 5 a rana wannan ya shafe mu sosai, ana tsettsefe yatsu da ruwa a zura takalmi a jiƙe a wuce masallaci, haka cin-ruwa ke samun gida. Goggo ɗan ƙyalle na musamman muka rataya mata kusa da buta. Bayan ya bushe ki haska tocin waya ki duba ko'ina har tafin ƙafa. In kin ga tsakanin yatsu ya yi fari yana saɓulewa, a farmasi akwai man shafawa na cin-ruwa irin su kulotirimazol, ɗan ƙwarzane kuma a wanke a sa Betadine. Sauran fatar a shafa man kaɗe ko basilin, ballantana da hunturu da iska ke tsage dunduniya, amma kar a cusa mai a tsakanin yatsu. Farce a yanke shi miƙe da abin yankan farce, kar a bari a ƙwaƙule gefe da reza. Kuma ba tafiya ba takalmi ko a tsakar gida ne, ƙaya da ƙarangiya ba su san mara lafiya ba. In takalmin kasuwa ba ya shiga, dukawan garin nan sun iya aiki, a kai musu awon ƙafar su ɗinka mai faɗi mai maɗauri da ake sassautawa.

Mataki na uku ita ce tausar kanta. Kafin a fara a tabbatar ba zazzaɓi, fatar ba ta yi ja ba ta yi zafi ba, ba miki a buɗe a wurin. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ko wanda ake cikin yi masa maganin kansa sai lokotoronsa ya yarda. A samu ɗaki mai sanyi, a kwanta rigingine, a cire awarwaro da zobe da duk abin da ya tsuke, a sassauta zariya ko ɗaurin zane. Ba a sa mai a hannu lokacin tausar, don so ake tafin hannu ya manne da fata ya ja ta, in da mai sai ya dinga sulɓewa. Man bayan an gama ne.

Nauyin hannu kamar kina shafa kan jariri. Hanyoyin da muke nema suna nan dab da fata, in kika danna har kika ji nama to kin matse su kin rufe. Ki ɗora tafin hannu ko yatsu a shimfiɗe, ki ja fatar a hankali zuwa inda kike so ruwan ya tafi har ta kai iyakar miƙewarta, ki saki ta koma da kanta, ki sake. Kowane ja kamar sakan 2 zuwa 3, ba gaggawa. In fata ta yi ja ko mutum ya ce wash, kin yi ƙarfi. Ranar farko Goggo cewa ta yi ke ƴar nan wasa kike ko jinya, wannan ai ko sauro ba zai kora ba. Kowa haka yake ji, mun saba tausa sai an ji ƙashi ya yi ƙara.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ƙafa ce ta kumbura amma daga wuya ake farawa. Ku tuna damina, in magudanar ruwa ta cika ta toshe ba daga ƙofar gidanka kake tura ruwan ba, can bakin da take zubawa tafki kake fara yashewa, kana buɗewa kana dawowa baya, sai ruwan ya samu inda zai tafi. To bakin magudanar limfa yana gindin wuya.

Ana farawa da numfashi. Hannu a kan cibiya, a ja iska ta hanci har ciki ya taso kamar an ƙoshi, ba ƙirji ba, a sake ta ta baki a hankali kamar ana hura koko. Sau 5, a huta kaɗan kar jiri ya ɗiba. Kar ku raina shi, babbar hanyar limfa ta cikin ciki da ƙirji ta bi, numfashin nan shi ke zuƙo ruwan sama. Sai ramin gindin wuya, yatsu 2 ko 3 a shimfiɗe a cikinsa, a ja fatar ƙasa da ciki kaɗan a saki, sau 10 zuwa 15, dama da hagu. Sai gefen wuya daga ƙarƙashin kunne a ja ƙasa sau 10, ba a danna inda jijiya ke harbawa, ba a taɓa maƙogwaro. Mai maƙoƙo, da wanda zuciyarsa ke bugawa ba daidai ba, da tsoho mai hawan jini ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, su bar gefen wuyan sai sun tambaya. Sai hammata, tafin hannu a ciki, a ɗan tura fatar sama zuwa cikin jiki a saki sau 10 zuwa 15.

In ƙafa ce, daga nan ki sauko gefen jiki na ɓangaren da ya kumbura. Ki raba shi gida 3 a ranki, kusa da hammata, haƙarƙari, ƙugu. Ki fara da na kusa da hammata kina jan fata sama sau 10, ki sauko haƙarƙari, ki sauko ƙugu, duk jan sama yake kallo. Dalili, kaluluwar matse-matsi ta wannan ɓangaren ita ce ta gaji, ana koya wa ruwa sabuwar hanya ce zuwa hammata. Sai cinya, ki fara da samanta ta waje ki ja zuwa ƙugu, sannan daga cikin cinya ki ja zuwa waje da sama, sau 10 kowane wuri, kina saukowa tafin hannu ɗaya bayan ɗaya har gwiwa. Bayan gwiwa akwai ƴan kaluluwa, yatsun hannu biyu a lanƙwasar, a ɗaga fatar sama a saki sau 10. Sai ƙwauri da sharaɓa, hannu ɗaya gaba ɗaya baya. Sai idon sawu, ki zagaye shi da yatsu kina ja sama, nan ruwa ya fi kwanciya ki ɗan daɗe. Sai bayan ƙafa, sai yatsu ɗaya-ɗaya daga farce zuwa gindi. Kina sauka ƙasa ne amma ko sau ɗaya hannunki ba ya tura ruwa ƙasa. Duk sanda kika gama wani yanki ki yi doguwar shafa mara nauyi daga nan har ƙugu sau 3, in kin kai yatsu ki biyo hanyar ki koma sama, ki rufe da hammata da gindin wuya da numfashi 5. Duka minti 20 ne ko ƙasa da haka in hannu ya saba.

In hannu ne bayan aikin nono, hammatar da aka yi wa aiki ba ita za ta karɓi ruwan ba, don haka ana buɗe hammatar ɗaya ɓangaren mai lafiya, a ja fatar ƙirji a gicciye daga ɓangaren ciwo zuwa can, ana farawa da kusa da mai lafiyar. Ana kuma buɗe matse-matsin ɓangaren ciwon a ja gefen jiki ƙasa zuwa gare shi. Sannan kafaɗa, damtse, gwiwar hannu, sangali, bayan hannu, yatsu, duk ja zuwa kafaɗa ta waje. Ba a bi ta kan ɗinkin da bai warke ba ko fatar da gashin na'ura ya ƙona. Mace za ta iya yi wa kanta wannan da ɗayan hannun, ta ɗora mai ciwon a kan matashi.

Masu son na fuska, na ji ku. In an tashi da fuska a kumbure don rashin barci ko kuka, bayan an buɗe gindin wuya a ja fata daga gefen hanci zuwa kunne, daga haɓa zuwa kunne, daga kunne a gangara wuya. Tana sauka na ƴan awoyi, iyakarta ke nan, ba ta rage kumatu.

Na huɗu ɗauri. Gaskiyar da masu bidiyo ba su faɗa ita ce tausa ita kaɗai ƙaramin aiki take yi, ruwan da kika kora in ba a tare wurin ba kafin la'asar ya dawo. Abin da ya fi rage girman ƙafa shi ne bandeji mara yawan talewa da ake naɗawa daga yatsu zuwa sama, matsin ya fi a ƙasa yana raguwa ana hawa, da auduga ko laushin ƙyalle a ƙarƙashi, daga baya a koma safa ta musamman da aka auna. Wannan kam sai mai kine ya naɗa a gabanki kin naɗa a gabansa, don in aka tsuke sama fiye da ƙasa an ɗaure ruwan ne a ciki. Mai ciwon sukari ko wanda jini ba ya isa ƙafarsa da kyau ba ya ɗaurawa sai an duba shi. In yatsu suka yi sanyi, ko suka canza kala, ko suka mutu, ko ciwo ya tashi, a kwance nan take. A zafin Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40 ɗaurin nan azaba ne ba ƙarya, mu guda 2 muka saya ana wanke ɗaya ana sa ɗaya, a shanya a inuwa. Inda kuma ba halin wanke bandejin kullum, gara a tsaya a kan wanki da motsi da ɗagawa da a naɗe ƙafa da ƙazamin ƙyalle.

Na biyar motsi, kuma kyauta ne. A dafa bango a ɗaga dunduniya a tsaya kan yatsu a sauka, sau 10 zuwa 15. A zaune ko a kwance a dinga kai yatsun ƙafa sama da ƙasa kamar tela na taka keke, a juya idon sawu dama da hagu. Mai hannu ya dunƙule ya buɗe, ya juya kafaɗa, ya hau bango da yatsu. Tafiya minti 20 zuwa 30 da sanyin safiya ko bayan la'asar, in da ɗaurin a jiki ma ya fi. Zama a tabarma an naɗe ƙafa awa da awanni ana tsintar shinkafa ko ana hira shi ne abokin gaba, a miƙe ta a ɗora kan kujera ƴar tsugune da matashi. Da dare a sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen ƙafa, ko a cusa matashi ƙarƙashin katifa yadda zai tallafi ƙafar tun daga gwiwa, amma banda mai ciwon zuciya. In za a hau bas zuwa Yamai, wajen kilomita 900 ana dunƙule, a nemi kujerar bakin hanya, a dinga taka keken tela a zaune, duk inda aka tsaya salla a sauka a zagaya. A sha ruwa yadda aka saba, rage shan ruwa ba ya rage wannan kumburin. A sassauta gishiri da magi, kilishi ma a ci don marmari, mai ƙiba kuma in ya rage nauyi ƙafar tana jin sauƙi sosai.

Abubuwan da za a bari kuwa, ƙaho da tsaga da sakiya a kan gaɓar da ta kumbura, ban raina wanzamai ba amma ruwan nan ba a jaka ɗaya yake ba balle a huda ya zube, a cikin nama yake kamar ruwa a soso, abin da za a samu ƙofar cuta ce kawai. Gashi da ruwan zafi da zama dab da garwashi suna ƙara tara ruwa. Ƙwayar sa fitsari irin Lasix da masu tallar magani a faranti ke miƙo wa duk mai kumburi ba ta maganin na limfa, sai dai ta busar da mutum ta taɓa ƙoda. Shayin wanke jiki da ake sayarwa jaka-jaka galibi zawo yake sawa, ki ga kilo ya ragu ki ɗauka aiki ne. In da hali kuma allura da ɗibar jini da awon tansiyo a yi a hannu mai lafiya.

Ranar da zazzaɓin ƙafa ya tashi, ga sanyi yana kaɗa mutum, ƙafar ta yi ja ta yi zafi, kaluluwa ta fito, a dakatar da tausa da ɗauri da motsa jiki gaba ɗaya. A kwanta a ɗaga ƙafar, a jiƙa ƙyalle da ruwan randa a ɗora ana canzawa, a sha ruwa, a sha farasitamol, a je likita a ranar don ana bukatar antibiyotik, a kuma yi gwajin zazzaɓin sauro tunda suna kama. Wanki a hankali yana ci gaba in mutum zai iya jurewa. In fatar ta yi bororo kar a fasa. Sai lokotoro ya ce an warke a koma tausa. Sannan in masu rabon maganin tundurmi suka zo unguwa da sandarsu ta awon tsayi, ibamektin da albendazol ne, wanda ya cancanta ya sha, ba ya saukar da ƙafar da ta riga ta kumbura amma yana kashe ƴaƴan tsutsar da sauro zai kwasa ya kai wa yaran gida. A kwana cikin sange. Mai gwaiwa kuma tausa ba ta yi masa komai, aiki ake yi a likita kuma ana warkewa, kunya ce kawai ke hana maza zuwa.

Na ƙarshe, ku samu mitar tela da kaye da bik. A zaɓi wuri 3, tsakiyar ƙafa, saman idon sawu, da inda sharaɓa ta fi kauri, a auna nisan kowanne daga ƙasa a rubuta don kullum a dawo wuri ɗaya. Sau ɗaya a sati da safe kafin a fara zirga-zirga, ƙafa biyun duka, a rubuta har da ranakun da zazzaɓi ya tashi. Ido yana ruɗi, wanda yake ganin ƙafa kullum ba ya gane ta ƙaru ko ta ragu. In awo ya haura da santimita 2 ya ƙi sauka, a ɗauki kayen a koma wajen mai kine. Ƙafar Goggo ba ta koma kamar ɗayar ba, an ma gaya mana tun farko ba za ta koma ba, amma ta yi laushi, warin ninkin ya tafi, zazzaɓin da ke kayar da ita ya yi nisa, kuma da kanta take takawa gidan suna yanzu. Kayen yana nan ƙarƙashin matashinta, ranar Juma'a muke awo, in na makara ita ke aiko yaro ya kira ni.